Rufin dutse mai shekara fiye da ɗari yana yoyo a hunturu: a kwashe shi ko a gyara?

Mai Gida, Newton

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina neman shawarar waɗanda suka daɗe a jihohin da ake tsananin sanyi. Gidan da muka saya a Newton, a gefen birnin Boston a jihar Massachusetts ta Amurka, ya haura shekara 100, kuma rufinsa na falen dutse ne, wato silet. A wannan hunturun ruwa ya fara ɗiga a ɗakin yara, daidai inda silin ya haɗu da bangon waje, har fentin wurin ya kumbura. Daga waje kuwa ƙanƙara ta cika magudanar ruwa ta yi tudu a bakin rufin, dogayen tsinkayenta suna reto har kusa da tagar bene. Na kira wani kamfanin rufi, wakilinsu ya tsaya a ƙasa ya ɗaga kai ya duba, ya ce dutsen ya gama aiki, a kwashe shi duka a sa shingul, wato siraran falayen rufi na kwalta. Uwargida tana ganin a yi hakan a huta, ni kuma hankalina bai kwanta ba, domin duk ruwan saman da aka yi a bazara da kaka ko ɗigo ɗaya ba mu gani ba.

Injiniya, Worcester

Wa alaikumus salam Malam. Maganarka ta ƙarshe ita ce ta fi komai muhimmanci. Rufin da ya sha ruwan sama wata da watanni bai yi yoyo ba, sai da ƙanƙara ta taru a bakinsa, ba dutsensa ne ya mutu ba. Abin da ke faruwa shi ne zafin cikin gida yana sulalewa zuwa sararin da ke tsakanin silin da rufi, yana ɗumama katakon rufin, sai dusar ƙanƙarar da ke kwance a kai ta fara narkewa ta ƙasa ko da a waje sanyi ya sauka ƙasa da sifili. Ruwan yana gangarowa har ya iso bakin rufin, ɓangaren da ya zarce bango, inda babu ɗaki a ƙarƙashinsa balle zafi, nan sai ya sake daskarewa. Kullum tudun yana ƙara tsawo har ya zama madatsa, ruwan da ke biyowa baya ya rasa mafita ya kwanta, daga nan ya koma baya ya shiga ta ƙarƙashin falayen. An tsara rufin silet da na shingul ne don ruwan da ke gangarowa, babu ɗayansu da zai riƙe ruwan da ya tsaya.

Waɗanda suke nan a hunturun 2015 sun ga wannan da idonsu. Dusar ƙanƙarar da ta sauka a Boston a wancan hunturun ta kai inci 110.6, kusan mita 2.8, mafi yawa a tarihin da aka rubuta, kuma fiye da inci 60 a watan Fabrairu kaɗai ta sauka. Gidaje masu sabon shingul sun yi yoyo a lokacin kamar yadda masu tsohon dutse suka yi. Idan ka kwashe dutsen ka bar zafin yana fita yadda yake, madatsar za ta dawo a kan sabon rufin.

Alhaji, Lowell

Injiniya ya yi bayani mai kyau, amma ina so Malam ya ji ɗaya ɓangaren, domin na riƙe tsofaffin gidaje a garin nan na daɗe. Rufin silet yana da kyau, sai dai yana so a riƙa lallaɓa shi. Kowace shekara za ka tarar da fale ɗaya ko biyu sun zame ko sun fashe, masu iya aikinsa kaɗan ne, kuɗinsu da yawa, kuma idan ka kira su a lokacin da kowa ke nemansu sai ka yi ta jira. Mai aikin shingul kuwa kowace unguwa akwai shi. Bayan haka, dokar gini ta yanzu ta wajabta a shimfiɗa wata leda mai manne wa katako a bakin rufi, daga gefensa har ta shiga aƙalla inci 24 cikin layin bangon waje, ta yadda ko ruwa ya koma baya ba zai samu hanya ba. Gidan da aka gina shekara ɗari da suka wuce ba shi da wannan ledar. Mutumin da ke biyan bashin gida, ga kuɗin makarantar yara, ga 'yan uwa a gida suna jiran saƙo, ina ganin abin da zai ba shi kwanciyar hankali na shekara 20 zuwa 30 ya fi masa.

Malama, Rutland

Alhaji, Allah ya ƙara girma, ina da ja a kan wannan lissafin, kuma daga abin da nake gani a inda nake zaune zan yi magana. Kusa da mu, a kan iyakar jihar Vermont da New York, garuruwan Poultney da Fair Haven da Granville suke, inda har yau ake haƙo silet ana fasa shi. A wannan yankin ba gidajen masu kuɗi kaɗai ba, har rumbunan manoma da dutse aka rufe su, kuma da yawansu suna tsaye tun ƙarni na 19.

Duwatsun ba iri ɗaya ba ne, shi ya sa bai dace mutum ya tsaya a ƙasa ya yanke hukunci ba. Hukumar da ke kula da gandun daji da wuraren tarihi ta Amurka tana da jerin ƙananan littattafai a kan adana tsofaffin gine-gine, na 29 a kan rufin silet yake. A ciki an ƙiyasta cewa dutsen Vermont da New York yana kai kimanin shekara 125, na Buckingham a jihar Virginia shekara 175 ko fiye, mai laushi na Pennsylvania kuwa shekara 60 da ɗoriya. Idan na Malam mai laushin ne, to wakilin kamfanin yana iya yin gaskiya. Idan na Vermont ne ko baƙin nan na Monson a jihar Maine, yana iya kasancewa da sauran shekaru masu yawa a gaba. Hanyar ganewa ba ta da wuya. Mai aikin zai zare fale ɗaya ya riƙe shi ta gefe ya ƙwanƙwasa da guduma a hankali. Mai lafiya yakan yi ƙara tangararau, wanda ya ruɓe kuwa sautinsa a dushe yake, kuma idan aka juya bayansa za a ga yana ɓarewa yana zubar da gari. Wannan littafin ya kuma ba da ma'auni cewa idan kashi 20 cikin 100 ko fiye na falayen sun fashe, sun tsage, sun ɓace ko suna zamewa, sake rufin yakan fi arha a kan bin su ɗaya bayan ɗaya. Ƙasa da haka gyara ya fi.

Sau da yawa ma dutsen lafiya lau yake, ƙusoshin ƙarfen da aka kafe shi da su ne tsatsa ta cinye. Shekara 30 ɗin da Alhaji ya ambata kuwa, bayanta sai an sake biyan kuɗin wani rufin.

Mai Gida, Newton

Na gode ƙwarai. Malama, launin namu kore ne mai duhu da ya yi toka-toka, da wasu masu ruwan shunayya a tsakani. Na zagaya gidan na duba iya abin da ido ke gani, waɗanda suka zame ba su da yawa. Amma yanzu ruwa yana ɗiga, ga sauran sanyi a gaba. Me zan yi kafin bazara?

Malam, Minneapolis

Kore da shunayya launukan yankin Vermont ne, wannan labari ne mai daɗi. A kan abin da za ka yi yanzu, mu a Minnesota kowace shekara muna fama da shi, kuma roƙona na farko shi ne kada ka hau rufin nan, kada ka bar wani ya hau da gatari ko guduma ya ce zai fasa ƙanƙarar. Silet a lokacin sanyi santsi gare shi, kuma duk sara ɗaya fale ɗaya ne zai tafi. Akwai wata doguwar sanda mai faffaɗan baki da ake sayarwa don janyo dusa daga rufi mutum yana tsaye a ƙasa. Ka nemi mai bakin roba ko mai 'yan tayoyi, ka janye dusar daga ƙafa uku ko huɗu na bakin rufin, ka bar ɗan siririn abin da ya kwanta a kan dutsen don kada sandar ta kama gefen fale, kuma ka kula da wayar lantarkin da ke shiga gidan. Idan tudun ya yi girma, akwai masu narkar da shi da tururi, su za ka kira, ka tabbatar tururi ne ba injin feshin ruwa mai ƙarfi ba. Wasu suna cika doguwar safa da gishirin kalsiyam kulorayid su gitta ta a kan tudun don ta buɗe wa ruwa hanya. Tana aiki, amma gishirin yana cin ƙarfen magudana, don haka na gaggawa ne kawai, kuma gishirin da ake zubawa a titi kada ka yi amfani da shi. A cikin ɗakin, idan silin ya yi ciki da ruwa, ka huda ƙaramin rami a tsakiyar kumburin ka tara bokiti, ka kuma ɗauki hotuna tun yanzu saboda kamfanin inshora.

Hajiya, Arlington

Ƙanena, ni kuma gargaɗina a kan cikin silin ne, domin kowa zai ce maka ka ƙara audugar tare zafi, kuma gaskiya ne, amma a tsohon gida ba a fara wannan da ka. Lokacin da muka kira masu duba gida na shirin Mass Save, wanda kamfanonin wuta da gas na jihar nan suke ɗaukar nauyinsa, kuma dubawar kyauta ce, matashin da ya zo ya hau da tocila ya kira ni in leƙa. Sai ga wayoyin lantarki biyu a rarrabe suna tafiya a kan katako, an ɗaura su a kan wasu 'yan fararen ƙullaye na tangaran, mayafin jikinsu ya bushe yana marmashewa. Ya ce irin wayar da aka yi amfani da ita ke nan daga wajen 1880 har zuwa shekarun 1930, kuma an tsara ta ne ta sha iska, idan aka binne ta da auduga alhali tana ɗauke da wuta tana iya yin zafi ta tayar da gobara. Sai da mai lantarki ya tabbatar an kashe ta kafin aka ci gaba. A nan ne kuma muka gano bututun fankar banɗaki bai fita waje ba, a cikin silin yake huro tururin wanka, katakon da ke samansa ya yi baƙi.

Abu na biyu, idan ka ga wasu 'yan tsakuwoyi marasa nauyi masu ƙyalli, ruwan toka ko ruwan zinare, an zuba su a tsakanin katakon silin, kada ka taɓa, kada ka share. An sayar da su da sunan Zonolite, kuma mafi yawansu daga mahaƙar Libby ta jihar Montana suka fito, wadda aka rufe a 1990, kuma ma'adinin wurin a gauraye yake da asbesto, wanda ƙurarsa ke illata huhu. Wannan aikin masu lasisi ne. Haka fentin katakon bakin rufi, tunda an gina gidan kafin 1978, ka ɗauka yana da gubar dalma har sai an gwada, musamman da kake da ƙananan yara.

Injiniya, Worcester

Hajiya ta kawo abin da ya kamata a fara da shi. Zan ƙara cewa toshe kafofin iska yana gaban ƙara auduga, domin auduga tana rage zafin da ke ratsa silin amma ba ta tare iskar da ke bi ta rami. Wuraren da za a bi su ne kewayen bututun hayaƙi, inda bututun bayan gida ya ratsa, ƙofar hawa silin, da ramukan fitilu. Gidajen wancan zamanin da yawa an gina su da dogayen katakai da suka tashi tun daga tushe har rufi ba tare da abin da ya katse su ba, saboda haka cikin bangon a buɗe yake daga ƙasa har sama, iska mai ɗumi tana hawa ta nan kai tsaye zuwa bakin rufin, daidai wurin da ruwan Malam yake ɗiga. Kewayen bututun hayaƙi da farantin ƙarfe da abin liƙi mai jure wuta ake toshe shi, ba da kumfar nan da ake fesawa ta daskare ba. Bayan an toshe sai a zuba auduga, a bar wa iskar waje hanya ta shiga ta bakin rufi ta fita ta sama, ta yadda katakon rufin zai zauna da sanyi ɗaya daga ƙololuwa har baki. Idan wani ya ba ka shawarar fesa kumfa kai tsaye a ƙarƙashin katakon da ke riƙe da dutsen, ka yi tunani sosai, domin ranar da ruwa ya shiga ba za ka gani ba sai katakon ya ruɓe, kuma cire ta aiki ne mai wahala.

Alhaji, Lowell

Na yarda cewa sai an gyara cikin silin ko wane rufi aka zaɓa, wannan babu gardama. Inda har yanzu ban gamsu ba shi ne, a tsohon gida mai lunguna da ɗakuna a cikin rufin kansa, ba a taɓa toshe zafi gaba ɗaya. Shekarar da dusa ta yi yawa madatsar za ta dawo ko kaɗan ne, kuma babu leda a ƙarƙashin dutsen. Sannan ƙarfen da ke cikin kwarin rufi, inda gangara biyu suka haɗu, da wanda ke kewaye da bututun hayaƙi, ba ya kai shekarun dutse. Idan an zo canja waɗannan duka, ina tsoron kuɗin ya kusa na sabon rufi.

Malama, Rutland

Gaskiya ne Alhaji, ƙarfen yana riga dutsen mutuwa, kuma a yawancin rufin silet da ke yoyo lokacin ruwan sama shi ne mai laifin. Amma canja shi ba ya bukatar a kwashe rufin. Mai aikin yana da wani dogon ƙarfe mai ƙugiya da yake turawa ƙarƙashin fale ya kamo ƙusa ya fizge ta, sai falen ya zaro lafiya. Haka zai bi gefe biyu na kwarin ya ajiye falayen, ya shimfiɗa sabon jan ƙarfe, ya mayar da su da ƙusoshin jan ƙarfe. Bakin rufin ma haka ake yi, a ɗaga layukan ƙasa, a duba katako, a sa ledar da kuka ambata, a mayar da dutsen. A nan Vermont wasu ma suna rufe ƙafa biyu ko uku na bakin rufin da farantin ƙarfe, don ƙanƙara ta riƙa zamewa kuma ruwa ya rasa mahaɗar da zai shiga. Nauyin dutsen bai zama abin damuwa ba, tunda don shi aka yi katakon gidan tun farko.

Malam, ga abin da za ka lura da shi a wurin wanda zai yi maka aiki. Ba ya taka dutsen da ƙafa, yana rataya tsani mai ƙugiya daga ƙololuwar rufi ya yi aiki a kansa. Ba ya zuwa da bokitin kwalta ya shafe tsaga, domin kwalta tana tsagewa bayan ɗan lokaci kuma tana ɓata falayen da ke kewaye. Ba ya haɗa jan ƙarfe da alminiyam ko ƙarfen kwano a wuri ɗaya, domin idan ruwa ya haɗa su ɗayan yana cinye ɗayan. Kuma idan ya jera falaye, kowane layi sai ya zarce har ya rufe kan layi na biyu da ke ƙasa da shi da kimanin inci 3. Ka ce ya nuna maka gidajen silet da ya gyara a kusa, ka je ka gani.

'Yar'uwa, Brookline

Yaya, kafin ka sa hannu a kan kowace takarda ka tambayi ofishin tsare-tsare na birni ko gidanka yana cikin unguwar tarihi. Newton tana da irin waɗannan unguwanni a Auburndale, Chestnut Hill, Newtonville da Upper Falls. A ƙarƙashin dokar jiha, Babi na 40C, duk canjin da za a gani daga titi a irin wannan unguwa sai kwamitin unguwar ya amince, kuma sauya dutse da shingul canji ne babba, alhali gyara da irin kayan da ke wurin yakan wuce da sauƙi. Mutane suna rikita wannan da rajistar wuraren tarihi ta ƙasa, wadda ita kaɗai ba ta hana mai gida yin abin da yake so da kuɗinsa. Rangwamen haraji na tarayya na kashi 20 cikin 100 kuwa na gine-ginen da ke kawo kuɗin shiga ne, bai shafi gidan da mutum yake zaune a ciki ba, kada wani ya sa maka rai da shi.

A kan ɗan kwangila, dokar Massachusetts ta ce ya kasance yana da rajista, aikin da ya wuce dala 1,000 sai da yarjejeniya a rubuce, kuma kuɗin kafin alƙalami kada ya wuce kashi ɗaya cikin uku, sai fa idan akwai kayan da za a yi odarsu musamman. Shi ne zai karɓo izinin aiki da sunansa. Idan ya ce kai ka je ka karɓo, kada ka yarda, domin hakan yana fitar da kai daga asusun da jiha ta tanada don biyan waɗanda 'yan kwangila suka cuta. Ka kuma ga takardar inshorar ma'aikatansa da idonka, aikin rufi aiki ne mai haɗari.

Mai Gida, Newton

Allah ya saka wa kowa da alheri. Na karanta wa uwargida duka, mun tsaya a kan cewa ba za a kwashe komai ba sai mai aikin silet ya hau ya gwada dutsen ya ƙirga waɗanda suka lalace, kuma mun nemi a zo a duba cikin silin. Saura abu ɗaya. Bututun hayaƙin na jan bulo ne, kwaɓin da ke tsakanin bulon ya zaizaye, kuma na ga gutsattsarin bulo a kan dusa a gindin bango. Shin wannan ma mai rufin ne zai yi, kuma da siminti za a cike?

Birkila, Montreal

Malam, wannan sana'ata ce. Aikin birkila ne, amma a yi shi tare da mai rufin, domin gefen jan ƙarfen da ke kewaye da bututun a cikin layin kwaɓi ake cusa shi, don haka birkila ya fara ko su yi lokaci ɗaya a kan katakon hawa ɗaya, kuɗin ma zai ragu. Kada a cike da siminti zalla. Bulon wancan zamanin yana da laushi, kuma da kwaɓin farar ƙasa da yashi aka gina shi, wanda yake barin danshi ya fita ta cikinsa. Duk wanda ya ga yadda yaɓen siminti yake yi wa katangar ƙasa a Damagaram ko Kano, yadda danshi ke taruwa a bayansa har ya ɓallo da naman ginin, ya san abin da nake nufi. A nan abin ya fi muni, domin ruwan da ya maƙale a cikin bulo idan ya daskare yana ƙara girma da kusan kashi 9 cikin 100, sai fuskar bulon ta ɓare, kuma gutsattsarin da ka gani ke nan. A kankare tsohon kwaɓin zuwa zurfin da ya kai faɗin layin sau biyu ko fiye, da hannu ko da kulawa sosai don kada injin ya ci gefen bulo, a cike da kwaɓi mai laushi irin na asali, a gyara murfin saman bututun yadda ruwa zai riƙa zuba nesa da jikinsa. Kwaɓin farar ƙasa ba ya son daskarewa kafin ya kama, saboda haka ka jira sai dare ya daina sauka ƙasa da sifili, wajen ƙarshen Afrilu ko Mayu a wurinku, amma ka kama layi tun yanzu domin masu wannan aikin da wuri suke cika. Idan kuma tukunyar ɗumama gida ta wannan bututun take fitar da hayaƙinta, a sa mai share bututu ya duba cikinsa da kyamara kafin a fara, kuma ka tabbatar na'urar gano iskar gas mai guba tana aiki a kowane bene.